Yadda Ake Wanke Mota da Kula da Fentinta a Ƙurar Katsina

Duk wanda motarsa ke kwana a waje a Katsina ko Daura tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya san yadda gari ke waye masa: mota ta yi futu-futu, har yaran unguwa sun rubuta "a wanke ni" a gilashin baya. Abin da aka saba shi ne a zaro tsumma daga but, a kaɗe, a goge, a kama hanya. To wannan gugar ta minti biyu ta fi rana cin fenti, ta fi ruwan sama. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana zuwa ta haɗu da yashin garinmu, kuma ƙwayar yashi ta fi fenti tauri, ta ma fi gilashi. Muddin tana kwance a jikin mota ba ta yin ɓarna. Sai an danne ta da tsumma an ja, sannan ta koma samfefa.

Fentin motar zamani hawa uku ne a kan ƙarfe. Akwai faraima a ƙasa, sai launi, sai wani garai-garai a sama wanda masu fenti ke kira kiliya, kuma shi ne ke ba mota sheƙi, yana kare launin daga rana. Duka ukun a fentin kamfani ba su cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, wato kaurin takardar rubutu ɗaya ko ɗaya da rabi. Kiliya ita kaɗai maikuron 40 zuwa 50 ce. Ba ta tsirowa idan ta ƙare. Waɗannan zane-zanen masu kama da saƙar gizo-gizo da ake gani a bonet ɗin baƙar Camry idan rana ta haska, a jikin kiliya suke, kuma kusan dukkansu a wurin wanki aka same su.

Kayan da za a tanada

Bokiti uku masu cin lita 20. Bokitin fenti da aka wanke tas yana yi. Ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, na uku na tayoyi kaɗai, kuma a yi masa alama don kada ya taɓa komawa jikin mota. Sai sabulun wankin mota na ruwa, da safar wanki ko soso mai gashi na maikurofaiba guda biyu, da tawul na maikurofaiba aƙalla shida, da babba guda ɗaya na tsane ruwa. Sai buroshi mai tauri na taya, da mai laushi na wili, da ƙaramin buroshin fenti mai faɗin inci ɗaya don lungu da saƙo.

Dalilin nacewa a kan maikurofaiba ba gayu ba ne. Gashinsa yana ɗauke ƙwayar yashi ya shige da ita ciki, nesa da fenti. Tsohuwar singileti ko yankin atamfa ba su da inda za su ɓoye yashi, don haka yana zama a fuskarsu ana jan sa a kan kiliya. Soson katifa ma haka yake. Buhun leda da wasu ke yagewa su yi soso da shi kuwa, ko a taya ba ma so a gan shi kusa da wili mai fenti.

Batun omo: shi ne sabulun da aka fi wanke mota da shi a garuruwanmu saboda araha da kumfa, kuma shi ne ya fi ɓarna. An yi shi ne don ya narkar da maiƙo a tufafi, saboda haka yana wanke duk wani kakin kariya da aka shafa wa mota a wanki ɗaya ko biyu, yana busar da robar ƙofa da baƙar robar bamba har su yi fari-fari. Garin da bai narke ba kuma yana karce fenti da kansa. Sabulun wanke kwanuka ya fi shi sauƙi amma shi ma yana cire kaki. Sabulun mota na gaskiya yana da santsi, kuma santsin ne aikinsa, ba kumfar ba. Yawanci mililita 30 zuwa 50 ake zubawa a ruwa lita 10, amma a duba jikin robar, don akwai masu kauri da rabin haka ya isa.

Wanda ba shi da tiyo mai ƙarfi, ya sayi sabon famfon feshi na goyo irin na manoma mai cin lita 16, wanda ba a taɓa zuba masa maganin ciyawa ko na ƙwari ba. Yana tura ƙura ƙasa da ruwa kaɗan, ya fi watsa ruwa da kofi nesa ba kusa ba. Da shi, jarka uku zuwa huɗu masu lita 25 daga wurin mai ruwa sun wanke Corolla tsaf. Hilux ko Sharan a ƙara jarka ɗaya ko biyu.

Lokaci da wuri

A yi wanki bayan asuba kafin ƙarfe tara, ko bayan la'asar sakaliya. A bazara, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, bonet ɗin mota mai duhun launi da ke tsaye a rana yana iya wuce digiri 70. Ruwan sabulu a kan irin wannan ƙarfe yana bushewa kafin ka zagayo, ya bar tabo. Ɗora bayan hannunka a kan bonet: in ba za ka iya barinsa na daƙiƙa goma ba, ba lokacin wanki ba ne. Haka in yanzu aka dawo daga tafiya, a bar inji da birki su huce na rabin awa, don ruwan sanyi a kan faifan birki mai zafi ba alheri ba ne.

Inuwa ake so, amma ta rumfa ko ta gini. Inuwar bedi tana da daɗin zama, sai dai tana zuwa da 'ya'yan bedi da danƙo da kashin tsuntsaye.

Wankin kansa

Tayoyi ake fara wankewa, ba a ƙare da su ba, saboda dattinsu yana fallatsa a jiki. Baƙar ƙurar da ke manne a wilin gaba garin birki ce, da ɓarɓashin ƙarfe a cikinta, shi ya sa sosonta ba ya hawa fenti har abada. A jiƙa, a sa sabulu, a goge taya da buroshi mai tauri har kumfar ta daina fitowa ruwan ƙasa, a bi wili da mai laushi, a ɗauraye. Taya ɗaya bayan ɗaya. Wasu wuraren wanki suna amfani da ruwa mai asid don wili ya yi fari nan take. Yana yin farin, amma yana cin fentin wilin alminiyom da kan notuna, bayan 'yan watanni sai ka ga sun yi dabbare-dabbare.

Daga nan sai matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa: kwarara ruwa zalla a duk jikin mota daga rufi zuwa ƙasa, ba tare da hannu ya taɓa ta ba. Jarka guda cur ta tafi a nan ba asara ba ce. Ana so yawancin yashin ya bi ruwa ya sauka kafin soso ya iso. In ƙurar ta yi kauri, ko an biyo hanyar ƙauye, a fesa ruwan sabulu a bar shi minti uku ya jiƙa dattin, a sake ɗaurayewa, sannan a fara.

Yanzu a tsoma soso a bokitin sabulu, a fara da rufi. Ana jan sa ne a miƙe, gaba da baya, ba a zagaye ba, kuma ba a dannawa. Nauyin soson da ya sha ruwa ya isa. An gama rufi, sai a tsoma soson a bokitin ruwa zalla, a murza shi da hannu yashin ya zube, a matse, sannan ya koma bokitin sabulu. Haka za a yi bayan kowane ɓangare: gilasai, bonet, but, saman ƙofofi. Ƙasan ƙofofi da bamba su ne na ƙarshe, da soso na biyu, don nan ne dattin hanya ya fi taruwa. Kana gamawa ka leƙa bokitin ɗauraya, za ka tarar da yashi kwance a gindinsa. Da bokiti ɗaya aka yi aikin, duk wannan yashin da ya koma jikin fenti. In ruwan ɗaurayar ya yi duhu tun ana tsakiyar aiki, a zubar a sake. Soson da ya faɗi ƙasa kuma ya gama aiki a ranar, sai an wanke shi.

A hunturu laimar iska kaɗan ce ƙwarai, sabulu yana bushewa da sauri ko a inuwa. Don haka kada a sabe mota gaba ɗaya sannan a ɗauraye. A wanke ɓangare, a ɗauraye shi, a wuce.

Mai injin wanki mai matsin ruwa ya sa bakin da ke baza ruwa da faɗi, ya tsaya da tazarar santimita 30 ko fiye. Bakin da ke fitar da ruwa siriri kamar allura yana ɗaye fenti a inda dutse ya taɓa fasa shi, musamman a bamba da motar da aka sake wa fenti, yana kuma tura ruwa ta robar ƙofa da cikin fitila.

Tsane ruwa ba a jinkirta shi. Ruwan burtsatse da na rijiya a wurare da yawa yana ɗauke da gishirin ƙasa, wanda ke zama farin zobe-zobe idan ɗigon ya bushe da kansa, kuma in rana ta gasa shi yana cin kiliya ya zauna. A shimfiɗa babban tawul a kan rufi ko bonet, a ja shi a hankali ta gefe biyu, ba guga ba. A fara da gilashi da ɓangaren da ya fi fuskantar haske. Sai a buɗe ƙofofi da but da murfin tanki a share bakinsu da wani tawul daban. Madubin gefe yana riƙe ruwa ya riƙa zubo da shi bayan an gama, don haka a naɗe shi a buɗe sau biyu kafin a share ƙofar.

Tsakanin wanki da wanki

Tambayar da kowa ke yi ita ce, to a hunturu kullum za a yi ta wanki? A'a. Sau ɗaya a mako ya isa. Sauran kwanakin a wanke gilasai da fitilu da madubi da ruwa don a ga hanya, a bar jikin da ƙurarsa. Mota mai ƙura ba ta lalace ba. In akwai ɗaurin aure ko wata fita da ba a son zuwa da ita haka, a kwarara mata ruwa jarka ɗaya a tsane, ya fi gugar tsumma sau dubu. A tabbata kuma tankin ruwan waifa ba ya bushewa, don kunna waifa a kan busasshen gilashi mai ƙura shi ke yin waɗannan zanen masu lanƙwasa da ke watsa hasken fitilar mai zuwa da dare.

Rigar mota tana da amfani ne kawai idan a kan wankakkiyar mota aka sa ta. A kan mai ƙura, iskar dare tana kaɗa rigar tana goga yashi a kusurwoyin rufi da bamba har gari ya waye.

Tabon da sabulu ba ya fitarwa

Kashin tsuntsu da na jemage ba ya jiran ranar wanki. Yana da asid, kuma a zafin rana kiliya tana yin laushi, sai ya bar shaidarsa a ciki cikin yini ɗaya ko biyu. A jiƙa tawul a ɗora a kai minti biyar, a ɗauke shi sama kamar ana tsintar abu, kada a murza, don akwai tsakuwa a cikinsa. Ajiye robar ruwa da tawul ɗaya a mota saboda wannan kaɗai ya biya kuɗinsa.

Kwalta da ke fallatsowa a ƙasan ƙofa idan an bi sabon titi tana narkewa da kalanzir kaɗan a tawul. A dafa a kai minti ɗaya, a share, a wanke wurin da sabulu nan take, a sake shafa kaki. Tina ta masu fenti ba ta zuwa kusa da jikin mota. Man birki ma haka: in ya zuba a fenti wurin bakanike, a kwarara ruwa mai yawa a take, don yana tayar da fenti cikin ɗan lokaci.

Farin tabon ruwa da fallatsin siminti duka suna jin farin khal, irin na girki. A haɗa shi da ruwa rabi da rabi, a jiƙa tawul a ɗora na minti ɗaya a inuwa, a ɗauraye sosai. Siminti sai an maimaita sau da yawa har ya yi laushi ya saki da kansa. Kada a ƙanƙare shi da farce ko reza. In tabon ruwa bai tafi ba bayan gwaji biyu, ya riga ya ci kiliya, sai folish.

Bayan wanki, sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa bonet. In ka ji gurza-gurza kamar gero, akwai dattin da ya nutse a fenti. Ana cire shi da wani abu mai kama da cingam da ake kira kile, ana sayar da shi a shagunan kayan ƙawata mota. A yanki ɗan guntu a faɗaɗa shi, a fesa ruwan sabulu mai yawa, a riƙa zamar da shi a hankali har wurin ya yi sumul, ana ninke shi idan fuskarsa ta yi datti. In ya faɗi ƙasa a jefar. Sau biyu a shekara ya wadatar.

Folish, da inda ake ƙona fenti

Folish ba mai ba ne da ake shafawa mota ta yi ƙyalli. Yana ɗauke da ɓarɓashi mai laushin gaske da ke cin saman kiliya har ta daidaita da zurfin zanen, sai zanen ya ɓace. Ma'ana, duk folish ragin kiliya ne. Saboda haka wanda ke kai motarsa a yi mata folish duk wata don ta yi sheƙi, yana sayar da shekarun fentinsa ne da rahusa. Sau ɗaya a shekara, ko ma ƙasa da haka, ga motar da ake wankewa da kyau.

Kafin a fara, a ja farce a kan zanen. In farce ya maƙale, zanen ya wuce abin da folish zai iya, sai dai a rage kaifinsa ko a cike da fenti. In an ga fari ko toka-toka a cikinsa, ya kai faraima. In ƙarfe ya bayyana, a rufe shi kafin damina, in ba haka ba tsatsa za ta shiga ta ƙarƙashi.

A gwada a wuri ɗaya tukuna, kamar santimita 40 a kan 40, da folish mafi laushi. In ya yi, shi ke nan, ba sai an je ga mai ƙarfi ba. Da hannu: ɗigo uku ko huɗu kamar ƙwayar wake a kan soson folish, a murza da matsakaicin ƙarfi gaba da baya, sannan a gicciye, har ya kusa ɓacewa, a share da tawul mai tsabta. A manna tef ɗin masu fenti a kan baƙar roba da tambarin mota, don folish yana barin farin tabo a roba mai wuyar fita. In soson ya ɗauko launin motar, to ko fentin irin na da ne marar kiliya, kamar na tsofaffin Peugeot da wasu motocin haya da aka fesa a gareji, ko kuma an riga an cinye kiliyar. A mota mai kiliya wannan alama ce ta a tsaya nan take.

Inda aka fi yin asara shi ne wurin inji. Injin folish na gaskiya yana juyawa tsakanin 600 zuwa 3,000 a minti, kuma ana aiki da shi ne a ƙasa-ƙasa. Giranda ta masu walda tana yin wajen 11,000. Duk wanda ka ga ya ɗaura soso a giranda zai hau motarka, karɓi makullinka. Zafinta yana ƙona kiliya cikin daƙiƙoƙi, musamman a kaifin bonet da bakin ƙofa inda fenti ya fi siranta. Ga mai koyo, injin da ke juyawa yana kuma karkaɗawa lokaci guda ya fi aminci, don ba ya tara zafi wuri ɗaya. A kuma tuna cewa da yawa daga motocin Kwatano an taɓa fesa wani ɓangarensu kafin su iso, kuma ba wanda ya san kaurin abin da aka fesa.

Kiliyar da ta fara yin fari tana ɓarewa a rufi da bonet kamar fatar da ta ƙone, ta mutu. Ba folish ko kakin da zai dawo da ita, sai mai fenti.

Kariya

Bayan folish fenti tsirara yake, dole a rufe shi. Kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a ƙasar Barazil, yana ba da sheƙi mai kyau amma a zafinmu makonni kaɗan yake yi. Na haɗin kamfani, wanda ake kira silan, yana kai wata huɗu zuwa shida, kuma shi muka fi ba da shawara a nan. A shafa shi siriri sosai, a inuwa, a kan fenti mai sanyi. Yawan shafawa ba ya ƙara kariya, wahalar sharewa kawai yake ƙarawa. In ya yi hazo-hazo, a ja yatsa: in wurin ya fita fes, lokacin sharewa ya yi. Lokuta biyu da suka fi dacewa su ne ƙarshen Oktoba kafin hunturu, da watan Mayu kafin ruwa ya sauka. Alamar ya ƙare ita ce ruwa ya daina dunƙulewa a bonet, ya koma shimfiɗewa.

Shafin kariya na siramik da ake tallatawa yana daɗewa fiye da su duka, amma ba ya hana karcewa, kuma duk zanen da ke jiki lokacin da aka sa shi ya zauna ke nan a ƙarƙashinsa. Motar da aka yi wa sabon fenti kuwa a ba ta aƙalla wata ɗaya zuwa biyu kafin a sa mata kowane irin kaki, fentin ya gama fitar da tinarsa.

Taya ba a shafa mata baƙin mai ko man birki don ta yi baƙi. Mai yana lalata roba, yana kama ƙura, yana kuma fallatsa a ƙofa. A sa man taya mai ruwa-ruwa a gefe kawai, ban da inda ke taka ƙasa.

Fitilar da ta yi rawaya

Murfin fitilun yanzu roba ce mai shafin kariya daga rana, kuma shafin ne ke ƙonewa ya yi rawaya. Man goge baki yana ɗan haskaka ta na kwanaki. Gyaran gaske: a zagaye fitilar da tef hawa biyu, a goge da samfefar ruwa lamba 1000 a kwance har rawayar ta tafi fuskar ta yi fari bai ɗaya, sai lamba 2000 a tsaye, sai 3000 a kwance, ana fesa ruwa ba ƙaƙƙautawa. Sauya alkiblar shi ke nuna maka ko zanen lambar baya ya fita. Sai folish. Daga nan dole a fesa mata kiliya ko shafin kariya na fitila, in ba haka ba cikin 'yan watanni za ta koma fiye da da, tunda an cire ɗan abin da ya rage yana kare ta.

Cikin mota

Ƙa'idar ciki ita ce ƙarancin ruwa. Ƙarƙashin kafet akwai soso mai kauri da ke riƙe ruwa kwanaki, ga wayoyi, ga mahaɗar wayar jakar iska mai launin rawaya a ƙarƙashin kujerun gaba. Wurin wankin da ke sa tiyo a cikin mota yana jawo warin ruma, da tsatsar ƙasa, da fitilar gargaɗi a dashbod.

A fitar da tabarmin ƙafa a wanke su a waje, kada su koma sai sun bushe ƙarau. A kaɗe ƙurar ramukan iska da maɓallai da buroshin fenti, daga sama zuwa ƙasa, sannan a zuƙe da inji, ana tura kujeru gaba da baya. Dashbod da ƙofofi tawul mai ɗan danshi ya ishe su. Man da ke sa dashbod ƙyalli yana haska gilashi da rana ya kashe ido, yana kuma kama ƙura. A sitiyari da totur da birki kuwa haɗari ne, don santsi yake sa su.

Kujerar yadi da kumfa ake wanke ta, ba da ruwa ba: a kaɗa sabulu kaɗan ya yi kumfa, a ɗebo kumfar da buroshi mai laushi, a goge, a danna busasshen tawul ya tsotse. A wanke fuskar kujerar duka daga ɗinki zuwa ɗinki, don in tabon kaɗai aka bi zai bar zobe. Manja ko man suya, a fara dafe shi da takarda, a barbaɗa garin sitaci ya kwana ya tsotse, a kaɗe, sannan ɗigon sabulun kwanuka a ruwan ɗumi. Fura da nono ko madara ba sa jira, don a zafin mota yini ɗaya ya isa su yi tsami a cikin soso. A tsotse, a wanke, a barbaɗa bekin soda ta kwana. Wanda ya ɗauko ragon layya a but ya ciro kafet ɗin gaba ɗaya, ya ɗaga safaya, don fitsarin can yake gangarawa ya taru. Ruwan khal rabi da rabi yana kashe zarnin. Turare a kan wari ba ya korar wari.

Kujerar fata ba a shafa mata basilin ko man zaitun. Sabulu mai laushi, buroshi mai laushi, a share, a sa man fata na mota. Yadin rufi kuwa gam ne ke riƙe da shi, zafi ya riga ya raunana shi, in aka jiƙa sai ya saki ya rataya. A dafa tabon da tawul mai danshi kawai. Bel ɗin kujera a zaro shi duka a wanke da ruwan sabulu, ban da bilic, ya bushe kafin ya koma. Gilashin da aka manna wa ledar duhu ba ya son maganin gilashi mai amoniya, kuma gilashin baya ana share shi ne a bin layin siraran wayoyin da ke jikinsa, ba a gicciye ba.

In iskar na'urar sanyaya mota ta ragu ko tana warin ƙasa, a duba matatar iskar ciki. A yawancin Corolla da Camry tana bayan akwatin da ke gaban fasinja, minti biyar ake ciro ta. A ƙarshen kowane hunturu a canza ta.

Inji da damina

Inji ba ya bukatar wanka duk mako. Sau biyu a shekara, yana sanyi, a rufe altaneto da akwatin fis da bakin shaƙar iska da kan batir da leda, a fesa sabulun cire maiƙo, a bi da buroshi, a ɗauraye da ruwa marar ƙarfi. Ban da fetur ko gas. Matsin ruwa yana cika ramukan fulogi, sai mota ta fito daga wanki tana rawa. An gama a cire ledojin, a tayar da ita minti goma sha biyar.

Kafin ruwan Yuni, a ɗaga bonet a kwashe ganyen bedi da ƙasar da suka taru a magudanar da ke ƙarƙashin waifa, a kuma zura siririn tsinke a ramukan da ke ƙasan kowace ƙofa. In suka toshe, ruwa yana komawa kafet ko ya kwanta cikin ƙofa. Bayan an bi laka, a wanke cikin mazaunin taya da ƙarƙashin mota, don laka tana riƙe danshi a jikin ƙarfe.

Wanda ba shi da lokacin yin duk wannan da kansa, ya sayi nasa soson da tawul da sabulu ya ajiye a but cikin leda mai tsabta, ya miƙa wa mai wanki. Ya kuma tsaya na minti biyar na farko ya ce masa, "Don Allah ɗan'uwa, fara kwarara mata ruwa tukuna, kuma soson taya daban." In an ƙara masa kuɗin jarka ɗaya a kan ladansa, ba zai yi ƙyashin ruwan ba.